Abin da Yaya Rabi Take Yi da Mujiya a Jamus

Tun ranar da na dawo daga Jamus ban huta da tambaya ba. In na buɗe shago a Ƙofar Ruwa, kafin in gama share bakin ƙofa wani ya ci birki da babur: "Malam Habu, wai da gaske ne yayarka mujiya take kiwo a can?" A masallaci ma ana idar da salla sai a matso. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa, kowa ya tafi da nasa ya ƙara masa gishiri, har na ji an ce wai tsaga kaina aka yi aka sa mini batir. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi tun daga tushe, wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai gyaran rediyo ne, yanzu har da talabijin da lasifikar masallaci. Na kusa shekara arba'in a sana'ar. Yaya Rabi kuwa ita nake bi, uwa ɗaya uba ɗaya. A nan gida ta yi karatun likita, sannan ta tafi Turai ƙaro ilimi, zama ya kama ta a can. Takan zo duk bayan shekara biyu ko uku, ta ɗaura zani ta shiga kicin kamar kowa. In aka tambaye mu aikinta sai mu ce likitar kunne ce. Matan unguwa su yi layi da yaransu masu ciwon kunne, ita kuwa ta ce, "Ni ba na duba marasa lafiya, bincike nake yi," ta kwatanta musu asibitin da za su je. Mu kuma a zuci mu ce, wane irin likita ne wannan da ko allura ba ya yi? Ba zan ɓoye ba, ni kaina na ɗauka karatun ne bai yi auki ba.

Wata rana ta kira ni a waya ta ce za ta ajiye aiki, jami'arsu ta shirya taron kwana biyu don yi mata ban kwana. "Ina son wani daga gidan Baba ya zauna a wurin, Habu. Kai nake so."

Na amsa, amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Wajen shekara uku ke nan kunnena yana yi mini wasa. In ni kaɗai ne a shago, ko ƙarar da rediyo ke yi can ƙasa-ƙasa ina ji. Amma da zarar an taru, ko an tayar da janareta, sai magana ta zame mini kamar tasha biyu sun hau kan juna. Ina jin muryoyi, ba na tsintar kalmomi. In na ga an yi dariya sai in yi. Matata Uwani ta ce na koyi miskilanci da girma ya zo. Na bar ta a haka, don gara a ce miskili da a ce kurma. Mai gyaran rediyon da kunnensa ya mutu, wa zai kawo masa aiki? Ga shi kuma wajen mai binciken kunne za ni.

Maganar biza ba zan ja ta ba. Na je Abuja sau biyu a mota, aka ba ni. Uwani ta haɗa mini tsaraba: kuka, daddawa, yajin ƙuli da kilishi mai yawa, ta naɗe a jarida ta cusa tsakanin kayana.

Jirginmu ya tashi daga Kano da rana, muka sauka a wani babban birni don canja jirgi. Filin jirgin nan ya kai Kasuwar Kurmi biyar a haɗe, ko'ina lasifika na magana, ni kuwa ko kalma ɗaya ban kama ba. Can na hango wasu mutane da manyan riguna suna Hausa, na ce alhamdu lillahi, ga 'yan gida. Na bi su sau da ƙafa har muka shiga layi. Wani dattijo daga cikinsu ya dube ni ya ce, "Alhaji, kai ba ka sa harami ba?" Ashe Umara za su. Saura kaɗan in tafi Jidda da kilishin Yaya Rabi. Dattijon nan, Allah ya saka masa, shi ya karɓi tikitina ya nuna wa wata ma'aikaciya, ta raka ni har ƙofar da ta dace ina haki.

A Jamus jami'in shige da fice yana zaune bayan gilashi mai kauri. Ya duba fasfona ya yi tambaya. Ina da ɗan Turancin makarantar koyon sana'a, amma ban ji me ya ce ba, sai na yi abin da na saba, na yi murmushi na ce masa e. Ya ɗaga gira ya maimaita. Na sake cewa e. Sai ya ɗauki takarda ya rubuta ya manna a jikin gilashi. Ashe tambayata yake ko na zo ne in zauna dindindin. Na girgiza kai har hulata ta kusa faɗuwa, na zaro takardar gayyata na tura masa. Ya karanta, ya dube ni, ya sake duba takardar, sannan ya buga hatimi.

Wajen kwastan kuma wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban jakata kamar an yi masa sallama. Aka buɗe. Kuka na ce ganye ne, suka yarda. Daddawa wata ma'aikaciyar kwastan ta shinshina, ta ja da baya, ta mayar mini da sauri. Kilishi kuwa suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu. Ina ji ina gani aka jefa shi a kwandon shara. Karen ma ko yanki ba su ba shi ba.

Da na fito ban gane Yaya Rabi ba sai da ta kama hannun rigata. Wata 'yar tsohuwa ce na gani da kwat mai kauri da ɗankwali, ta goya jaka a baya kamar 'yar makaranta. Na ce, "Yaya, ina direban?" Ta yi dariya ta ce, "Ga shi can, ya fi motar gwamna tsawo." Jirgin ƙasa take nufi.

A cikin jirgin na shiga ba ta labarin gida, wane ya rasu, wance ta aurar da 'ya. Sai na ga mutane suna waiwayowa. Wani mai tabarau ya nuna mini wata alama a bango, hoton mutum ya ɗora yatsa a baki. Ashe taragon masu son shiru ne, ni kuwa ina magana kamar ina cikin kasuwa. Yaya dai ta tashi daga gefena ta dawo kujerar da ke fuskantata, ta ci gaba da hira a hankali tana kallon idona. Na ji kowace kalma. A lokacin ban kawo komai a raina ba.

Garin nasu ƙarami ne, kogi ya ratsa shi. Gidanta ɗaki uku ne a hawa na uku, babu maigadi, babu mai aiki. Farfesa guda, da keke take zuwa ofis. Shara kanta kala huɗu ce, kowacce da kwandonta, na kwana uku ina jefa ɓawon ayaba inda ba nan ba tana bi tana tsincewa. In ka haɗu da maƙwabci a matakala, kai kawai zai gyaɗa maka, ba ya tambayar iyali balle gajiya. Na ce mutanen nan ba su da zumunci. Sai ga wata tsohuwa daga hawa na biyu ta ƙwanƙwasa ƙofa da faranti, ta toya mana wani abu mai tuffa a ciki, don ta ji ƙanin Rabi ya zo. Na janye rabin maganata.

Abincinsu sai haƙuri. Burodi baƙi mai tauri, in ka jefi mutum da shi sai an je asibiti, da cuku mai sanyi, wai an ci abinci ke nan. Na nemi ruwa aka ba ni wani mai gas, na kurɓa ya fito mini ta hanci. Da ba don Yaya ta tuƙa tuwo ta kaɗa kukar da na kawo ba, da na rame. Amma abin da ya fi damuna shirun garin. Ba janareta, ba hon, ba mai talla, ba kiran salla sai wanda waya ta yi maka. Ranar Lahadi ko ƙusa ba a bugawa a bango.

Ana gobe taro ta kai ni wurin aikinta. Tun daga ƙofa na fara jin wani iri. Samari da 'yan mata, wasu ma ta yi jika da su, suna wucewa suna cewa "Rabi" gatsal, ba Farfesa, ba Hajiya. Na ce, "Yaya, haka kike bari suna kiran sunanki?" Ta ce, "In suna durƙusa mini, wa zai gaya mini na yi kuskure?"

Ta haɗa ni da wani dattijo Bajamushe mai suna Hans, wanda ya yi shekaru yana ƙera mata na'urorin aiki. Ina shiga ɗakinsa na ji ƙamshin dalma, sai na ji kamar ina shagona. Ba ya jin Hausa, Turancinsa da nawa kuma duk gurgu ne. Ya ga ina kallon wani ɗan allo da yake haɗawa, sai ya miƙo mini ƙarfen narka dalma. Na zauna na liƙe wayoyi uku. Ya ɗauki madubi ya duba aikin, ya ɗaga babban yatsa, ya jawo mini kujera. Muka yi awa guda muna aiki ba wanda ya ce uffan. Wayoyin da suke sawa don sauraron jijiya sun fi gashin kai siranta.

Daga nan muka je wajen mujiyoyin. E, gaskiya ne, akwai su, farare masu fuska kamar faranti, kowacce da sunanta da mai kula da ita. Na yi a'uziyya na tsaya daga baya. Mu da muke jifanta in ta sauka a kan katanga, a can har likitanta gare ta. Yaya ta ce, "Matso, ba ta cin mutum. Ka san a cikin duhu, ba ta ganin komai, take kama ɓera?" Ta bayyana mini cewa in ɓera ya motsa a dama, ƙarar takan riga isa kunnen dama kafin na hagu, da tazarar da ƙiftawar ido ma ta fi ta tsawo nesa ba kusa ba. A cikin ƙwaƙwalwar tsuntsuwar akwai jijiyoyin da aikinsu ke nan, su auna wannan tazara su ce ga inda abin yake. "Kai ma kana da irinsu. Da su kake sanin ta ina babur ke tahowa. Shekaruna na farko a nan, su na zauna ina saurare, ɗaya bayan ɗaya."

Sannan ta sa na leƙa wani madubi mai ƙara girman abu. Ta ce abin da ke ciki daga can cikin kunne aka ciro shi, wani wuri mai kama da dodon koɗi. Na ga wasu 'yan gashi a jere, sahu-sahu, kamar shukar gero da aka yi da igiya. Ta ce kowane sahu da irin sautin da yake amsawa, na can da siririn sauti, na nan da mai kauri. Ni da na ƙare rayuwata ina murɗa rediyo ina neman tasha, ashe da tashoshin aka haife ni a jere cikin abin da bai kai ƙwayar wake ba. Na ɗago ina ta subhanallahi. Ta canja wani, na ga gonar kamar shanu sun bi ta kai. "Wannan ƙara ce ta kwantar da su. Na tsuntsu sukan sake tsirowa. Namu in sun tafi sun tafi." Na ja da baya daga madubin.

Ranar taro na sa farar shaddata da hula zanna. Zauren ya cika maƙil. Ina neman wurin zama sai na ji an ce, "Kawu Habu, ina kwana? Lahiya lau?" Wata mata ce mai fara'a, Dakta Maryama, mutuniyar Damagaram. Ta ce a hannun Yaya ta yi digirinta na uku, Mama take ce mata, don haka ni kawunta ne. Yanzu tana da nata ɗakin binciken, tana kuma zuwa gida tana gwada jin jarirai. Ta zauna dab da ni ta zama tafintata, da Hausarta ta Nijar mai "lokotoro" a madadin likita da "lakwal" a madadin makaranta.

Abin da na gani a kwana biyun nan har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Mutum zai hau mumbari, an ce daga Japan ya zo, ko Indiya, ko Brazil, furfura fal kansa, shi ma farfesa ne a ƙasarsu. Zai nuna zane-zanen da ban gane ba, amma duk bayan 'yan kalmomi sai in ga bakinsa ya ce Rabi. In ya gama ba a tafi. Sai kowa ya dunƙule hannu ya riƙa ƙwanƙwasa tebur, zauren ya ɗauki rugugi kamar ruwa a kan kwano. Karon farko na zabura, na ɗauka ƙorafi suke.

Maryama ta warware mini zaren. Ta ce bayan mujiya, Mama ta koma kan tambaya ɗaya: yaya ƙwaƙwalwa take tsamo muryar mutum guda daga cikin hayaniya? Lokacin da ta fara, da yawa suna ganin in an gwada kunne a ɗaki shiru aka ga yana jin ƙaramar ƙara, to magana ta ƙare, mutum lafiyarsa ƙalau. Mama tana cikin waɗanda suka dage cewa da sauran magana, jin ƙara daban, gane zance daban. "Kawu, ta sha wuya. An yi shekarun da duk abin da ta gwada ba ya fitowa. Wani babba ya taɓa ce mata ta koma asibiti ta yi aikin da ta iya. Ga shi can a sahun gaba, shi ya fi kowa bugun tebur." Wani mutum kuma daga masu ƙera na'urar ƙara ji ya tashi ya ce dabarun da suke bi don rage hayaniya, da yawansu daga irin wannan aikin suka samo asali.

A bangon zauren sun zana wata bishiya. Sunan Yaya a gindi, ɗalibanta rassa, ɗaliban ɗalibanta ƙananan rassa, har da ganyaye. Na tsaya a gabanta na daɗe. Irin silsilar malaman zaure ce sak, wane ya ɗauka daga wane. Yarinyar da muka yi wasan langa da ita a lungunmu, wadda muke cewa ko allura ba ta yi.

Ita ce ta yi magana a ƙarshe. Ba ta fara da zane ba. Ta danna wani abu, sai zauren ya cika da hayaniyar Kasuwar Kurmi, masu ciniki, masu tura kura suna a ba su hanya, ƙarar guduma can nesa. Ta bar shi ya ɗan jima sannan ta kashe. Sai ga hoton Baba a allo, zaune a zaurenmu da carbi.

Mahaifinmu mai bugu ne. Tun yana saurayi yake zaune a mabuga da sauran abokan sana'a, suna dukan shadda da baƙin rawani da manyan gudumomin itace har su yi ƙyalli, daga safe zuwa la'asar. Da girma ya zo sai ya daina hira. A yi masa magana a cikin mutane ya ba da amsar da ba ita ba, ko ya yi shiru. Amma in ɗan tsako ya yi kuka a bayan gida shi zai fara ji. Sai aka ce yana ji sarai, wulaƙanci ne. Abokansa suka janye ɗaya bayan ɗaya.

Maryama tana fassara mini a kunne. Yaya ta gaya musu cewa tana ɗalibar likita ta kai shi aka gwada kunnensa, aka ce babu wata matsalar a-zo-a-gani. Ta dawo da shi gida tana murna, ta ce, "Baba, lafiyarka ƙalau." Shi kuwa ya ce mata, "Rabi, ina jin ku. Gane ku ne ba na yi." Ta ce a ranar takardar asibiti ta gaskata, ba mahaifinta ba. Sai bayan ya rasu maganar ta dawo mata, kuma ita ta biyo har ta tsufa. Ta ce ba ta kai ƙarshenta ba, ta dai gano ƙofofin da za a ƙwanƙwasa, sauran aiki na waɗanda ke zaune ne.

Ban ji bugun teburin ba. Ina can zaurenmu, wata ranar suna, ina saurayi mai jin kansa. Na tambayi Baba abu sau uku bai amsa ba, na ɗaga murya a gaban baƙi na ce, "Baba, in ba ka son magana da mu ne ka faɗa!" Ya dube ni kawai, ya tashi ya shige ciki. Ban taɓa neman gafararsa a kan wannan ba, don har ya koma ga Allah ina ganin ni ke da gaskiya. Na sa hannun riga na rufe fuskata. Maryama ta yi kamar ba ta gani ba.

Washegari da safe muna shan shayi na ce, "Yaya, abin Baba ya kama ni."

Ta ajiye kofi. "Na sani. Shekara biyu ke nan in na kira ka kana shago sai ka ce layi ba kyau. In kana ɗaki kuwa layin lafiya lau. Kana tsammani don ka iya sa shadda na ce kai za ka zo?"

Ta kai ni wani ɗaki a ƙarƙashin ginin nasu. Ƙofarsa ta kai kaurin katifa biyu. Bango da rufi da ƙasa duk soso ne mai tsini, a kan raga ake tafiya. Da aka rufe ƙofar, jama'a, ban taɓa sanin abin da ake kira shiru ba sai ranar. Na yi gyaran murya, sautin ya faɗi a gabana kamar dutse a rijiyar da ba ruwa. Can na fara jin bugun zuciyata, na ji haɗiyar yawuna, na ji wani siririn kuka a cikin kaina. Na tuna kabari, na tuna wanda ya halicci wannan duka, na karanta abin da ya sawwaƙa.

Hans ya zaunar da ni a tsakiyar wasu lasifikoki da suka kewaye ni. Da farko ƙananan ƙararraki, in na ji in danna maɓalli. Na ci wannan, ban da 'yan sirara. Sannan muryar mutum tana faɗin lambobi, na maimaita daidai. Sai suka sako hayaniya ta ko'ina. Muryar tana nan, ina jin ta, amma lambobin suka narke.

Da muka fito Yaya ta nuna mini sakamakon ba tare da kwana-kwana ba. Shekarun da na yi ina kara kunne a lasifika, ga janareta a bakin shago, sun yi ɓarna. Na ce, "To ba magani?"

"Wanda zai mayar da abin da ya tafi, babu tukuna. Ba zan yi maka ƙarya ba. Amma za mu tsare abin da ya rage, kuma akwai abin da zai taimaka." Ta dube ni. "Baba bai samu ko wanda zai yarda da shi ba, Habu. Kai ka samu."

Aka auna mini 'yar na'urar da ake maƙalawa a bayan kunne. Ba ta mayar da ni saurayi ba, amma da muka fita titi na ji ƙarar sarƙar keke da takun wata mata a bayana. Hans ya ba ni abin toshe kunne na aiki da wani ɗan ƙaramin ƙarfen dalma, ni kuma na cire hulata na kafa masa. Yaya ta raka ni har filin jirgi, tana ta nanata mini: janareta ya koma bayan shago, in ana magana in kalli baki, in ban ji ba in ce ban ji ba. Na ce yaushe za ta dawo gida gaba ɗaya. Ta ce akwai ɗalibai biyu da ba su gama ba, ba ta barin tuwo a kan wuta.

Da na iso gida na zaunar da Uwani na gaya mata komai. Ta riƙe haɓa ta ce, "Shekara uku ina zaginka a zuci, ashe alhaki nake ɗauka." Na ce na yafe, ai ban ji ba.

Akwai wani dattijo a lungunmu, Malam Isiyaku, wanda ya yi shekaru yana aikin injin niƙa. Kullum yana zaune a dakalin ƙofar gidansa shi kaɗai. Unguwa ta yanke masa hukuncin girman kai, don in ka gaishe shi daga kan babur ba ya amsawa. Ni ma na daɗe da daina gaishe shi. Kwana uku da dawowata, bayan la'asar, na roƙi mai shagon kusa ya kashe janaretansa na ɗan lokaci. Na je na tsuguna a gaban dattijon, daidai fuskarsa, na ce a hankali, "Malam Isiyaku, barka da yamma. Yaya ƙarfin jiki?"

Ya dube ni kamar bai yarda ba. Ya amsa. Na sake tambaya, ya sake amsawa daidai. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ba ni labarin zuwansa Kano daga ƙauye, da injinsa na farko, da 'yarsa da ke aure a Gusau, har ya ce ya san Baba, ya sha kai masa rawani bugu. Muna nan har aka kira magariba. Na miƙe zan tafi alwala, sai ya riƙo gefen rigata.

"Habu," ya ce, "gobe ma za ka biyo ta nan?"

Na ce in Allah ya kai mu, da kujerata zan zo.